Tsabtar Mota da Hakkin Wanda Ya Hau Ta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, bayanin wannan mako ya shafi wani abu ne wanda jama'a da yawa ba su ɗauke shi a bakin addini ba, watau wanke mota da share cikinta. Wasu suna ganin wannan aikin yaran mota ne, wasu kuma suna ganin ƙawa ce ta masu hali, waɗanda motarsu ba ta sauka daga kwalta. Alhali kuwa motar haya wuri ce da Musulmi yake zama a cikinsa da tufafin sallarsa, yana shaƙar iskarsa, ya kuma damƙa ransa ga ƙarafansa har tsawon sa'o'i. Duk abin da ya taɓa salla da lafiya da rai kuwa, Shari'a tana da magana a kansa.

Wanda yake son ganin muhimmancin wannan zance, sai ya dubi ƙasar Yawuri. Tun shekarar 1968, sa'ad da aka gama datse Kogin Kwara a Kainji, ruwa ya tashi ya shafe tsofaffin garuruwa da tsibirai, aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, tabki mai tsawon fiye da kilomita 130 ya kwanta a wurin. Garin Warra, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, yana bakin wannan tabki ne, kuma abincin mutanensa da na maƙwabtansu na Yawuri da Shanga ya rataya ne a kan abin hawa iri biyu. Jirgin ruwa ya kawo kifi da hatsi da dabbobi bakin gaɓa, mota ta kwasa ta nufi Yelwa ko Kwantagora ko Koko da Jega. A-kori-kurar da ta ɗauki kwandunan tarwaɗa da karfasa da safe, ita ce za ta ɗauki awaki da hantsi, ita ce za ta komo da buhunan albasa ko takin zamani, sa'an nan da la'asar sakaliya ta cika da mata da yara da dattawa masu komawa ƙauye. Motar da take irin wannan hidima a yini guda, in ba ta ga ruwa da tsintsiya ba, mai karatu ya san abin da za ta zama kafin mako ya zagayo.

Abin hawa ni'ima ce wadda Alƙur'ani ya ambata da sunanta. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Ta'ala ya lissafa doki da alfadari da jaki cikin abubuwan da ya halitta domin hawa da kuma ado, sa'an nan ya yi nuni da wasu halittu da mutanen wancan zamani ba su sani ba. Malaman tafsiri na baya-bayan nan sun ce mota da jirgin ƙasa da jirgin sama suna cikin wannan nuni. A lura da cewa ayar ta haɗa hawa da ado a wuri guda, saboda haka kyan abin hawa ba abin zargi ba ne. A Suratuz Zukhrufi kuma, daga aya ta 12 zuwa ta 14, an umurci wanda ya daidaita a kan jirgi ko dabba ya tuna ni'imar Ubangijinsa, kuma daga nan ne aka samo addu'ar hawa wadda direbobi da yawa suke liƙawa a gaban mota. Sai dai godiyar ni'ima ba ta ƙarewa a kan harshe. Mutumin da ya karanta addu'ar hawa, sa'an nan ya bar abin hawan cikin ƙazanta har tsatsa ta cinye shi, ya gode da baki ne, hannunsa bai gode ba.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa an ga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, yana share fuskar dokinsa da mayafinsa, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa an yi masa faɗakarwa ne cikin dare game da dawaki. Mayafin da ya fi kowane mayafi daraja ke nan aka goge fuskar abin hawa da shi. Ibnu Hibban kuma ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, hadisin da ya sanya abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin duniya, tare da mace ta gari da gida yalwatacce da maƙwabci na gari, ya kuma sanya mugun abin hawa cikin abubuwan wahala. Fasinjan da ya yi tafiyar sa'a uku a kan kujerar da kuɗin cizo ya yi sheƙa a cikinta ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan hadisi.

A nan akwai kalmomi biyu da ya kamata a rarrabe, domin Larabci ya rarrabe su, Hausa ma ta rarrabe su. Akwai nazafa, ita ce tsabta, watau gusar da dauɗa da ƙura da wari. Akwai kuma ɗahara, ita ce tsarki, watau gusar da najasa da hadasi ta hanyar da Shari'a ta tsara. Maganar nan da aka saba rubutawa a bangon makarantu, mai danganta tsabta da imani, malaman hadisi sun ce ba ta inganta da wannan lafazi ba, ko da yake ma'anarta mai kyau ce. Abin da ya inganta shi ne hadisin Abu Malik Al'ash'ari da Muslim ya ruwaito, wanda ya ba tsarki matsayin rabin imani. Abu yana iya zama mai tsarki amma ba shi da tsabta, kamar rigar manomi da ta sha ƙasa. Yana kuma iya zama fes a ido alhali ba shi da tsarki. Motoci da yawa haka suke. An goge bodi yana ƙyalli, an shafa wa tayoyi baƙi, amma kujerar baya ta sha fitsarin jarirai tun bara, ruwa bai taɓa ta ba.

To, mene ne najasa cikin abubuwan da mota take ɗauka, mene ne kuma ba najasa ba? A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantarwa a zaurukan ƙasar nan daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala da Mukhtasar, fitsarin ɗan Adam najasa ne, ko da na jariri ne. Amai ma najasa ne idan ya sauya daga kamannin abinci, kuma kowa ya san yawan masu amai a mota a kan hanya mai gargada. Amma fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta, kamar akuya da tunkiya da saniya, masu tsarki ne muddin dabbar ba ta kiwo a kan najasa. Saboda haka motar da ta ɗauki awaki ta ƙazantu, amma ba ta najastu ba. Kaji kuwa sai an duba, gama kazar da take tonon juji tana cin najasa, kashinta ya bi abin da ta ci. Kifi mai tsarki ne ko da ya mutu da kansa, haka ruwan da yake tsatsafowa daga jikinsa. Sai dai jinin da ya kwarara daga gare shi in an yanka shi, Shehu Khalil ya lissafa shi cikin najasa, wasu malaman mazhabar kuma, kamar Alƙabisi, suka tafi a kan tsarkinsa. Mai fatawar kifi a bakin Kainji ya kamata ya san wannan saɓani, kada ya tsananta wa mutane, kada kuma ya ce ba kome. An yi rangwame ga jinin da bai wuce faɗin dirhami ba, wanda malamai suka kwatanta da baƙin tabon nan da yake cikin ƙafar gaba ta alfadari. Haka kuma an yi rangwame ga taɓon ruwan sama da yake fantsama wa matafiyi, matuƙar najasa ba ta rinjaye shi ba, kuma wannan sauƙi ne babba ga masu bin hanyoyin ƙauyukan Ngaski da damina.

Wani zai ce ai fitsarin ya bushe. Gaskiya ne busasshe ba ya najasta busasshe. Amma wanda ya shiga mota a watan Maris ko Afrilu a ƙasar Yawuri, mutum huɗu a kujerar mutum uku, ya san rigarsa ba ta isa inda za shi a bushe. Gumi ya jiƙa riga, riga ta jiƙa kujera, abin da yake cikin kujera ya komo cikin riga. Direba ya tsaya a Birnin Yawuri domin azahar, dattijo ya sauka ya yi alwala ya kabbara da wannan riga. Gusar da najasa daga jiki da tufafi da wurin salla wajibi ne ga wanda ya tuna kuma yake da iko, bisa zancen da aka fi karantarwa. Dattijon nan bai sani ba, sallarsa ta yi, iyaka in ya gane daga baya an so ya sake ta kafin lokaci ya fita. Amma mai motar ya sani. Shi ne ya ga sa'ad da abin ya faru, shi ne ya ce a bar shi ya bushe, shi ne kuma ya karɓi kuɗin dattijon ya nuna masa wannan kujera. Ga kuma matafiyin da ya kai tafiyar ƙasaru, wanda malamai suka halatta masa nafila a kan abin hawansa duk inda ya fuskanta. Irin wannan mutum kujerar ita ce masallacinsa a wannan lokaci.

Yadda ake tsarkakewa ba shi da wuya, amma akwai inda ake kuskure. Ruwan da yake gusar da hukuncin najasa shi ne ruwa tsantsa, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya da wani abu da aka zuba masa ba. Ruwan sabulu yana fitar da dauɗa da ainihin najasa, amma hukuncinta yana nan sai an bi da ruwa tsantsa an ɗauraye har ruwan ya fito ba sauyi. Yaron mota da ya wanke kujera da kumfa ya goge da tsumma ya yi rabin aiki, saura guga guda na ɗauraya. Ruwan tabki kuwa, ko da ya yi fari saboda laka a lokacin cikar damina, ko ya yi duhu a lokacin cikar hunturu, mai tsarkakewa ne, domin sauyinsa daga mazauninsa ya zo. Mafi sauƙi ga mai motar haya shi ne ya rufe kujerun soso da leda mai kauri ko fatar roba, wadda ruwa ba ya ratsawa, ya kuma shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin kayan kifi da nama.

Ban da najasa akwai wari. Muslim ya ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa an hana wanda ya ci albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci, domin mala'iku suna cutuwa da abin da yake cutar da mutane. Albasa halal ce, kuma ƙasar Yawuri ta yi suna wajen nomanta. Ba a haramta ta ba, an hana cutar da jama'a da warinta ne. In halal mai wari ta isa ta nisanta mutum daga sahu, ina ga ruɓaɓɓen ruwan kifi na kwana uku a ƙarƙashin darduma, a mota mai rufaffen gilashi, da mace mai ciki a ciki ko mara lafiya da ake kaiwa asibiti? Gutsattsarin gero da shinkafa da suke zuba a ƙarƙashin kujeru kuma su ne suke kiran ɓera da kyankyaso. Ɓera yana cin wayoyin wuta, kuma likitoci sun tabbatar da cewa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969, daga fitsari da kashin wani irin ɓera ake kamuwa da shi.

Game da dukiya, zancen gajere ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Allah yana ƙin tozarta dukiya. Taɓon da ya manne a ƙarƙashin mota yana riƙe laima, laima ta haifi tsatsa, tsatsa ta huda daɓen mota da salansa da bututun man birki. Takin zamani da ya zube a bayan a-kori-kura yana cin ƙarfe kamar yadda gara take cin azara. Ƙurar hunturu tana toshe matacin iska, injin ya riƙa shan mai fiye da ƙima, ƙaiƙayi da ƙwari kuma su liƙe a fuskar lagireto har injin ya ɗauki zafi. Tsofaffin motocin Fijo da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, waɗanda suka daɗe daga cikinsu sun daɗe ne a hannun masu kula. In motar ba ta direba ba ce, to, amana ce a hannunsa, kuma sakaci da amana yana da hukuncinsa dabam.

Abin da ya fi dukiya shi ne rai, kuma a nan ne wanki yake da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Mai wanke mota da hannunsa yana duba ta ne. Yana goge taya sai ya ga ta tsage a gefe ko ƙusa ta shige ta. Yana wanke ƙarƙashi sai ya ga sifirin ya karye, ko noti ya kwance, ko mai yana ɗiga. A kan injin da baƙin mai da ƙura suka lulluɓe, sabon yoyo ba ya nuna kansa, amma a kan mai tsabta ɗigo guda ya isa shaida. Fitilar da taɓo ya rufe haskenta ba ya kai nesa, gilashin da ƙura ta dusashe kuwa makanta ne ga direban da ya fuskanci rana gab da faɗuwarta, a lokacin da shanu suke tsallake titi. Har gorar ruwa da aka yar a ƙasan mota tana iya gangarawa ta shige ƙarƙashin birki. Mutanen Warra ba su manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja cike da mutane ya nutse a kusa da garinsu, rayuka masu yawa suka salwanta, Allah ya jiƙansu da rahama. Hukumomi sun danganta abin da yawan lodi da tsufan jirgin. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan haka yake. Amma za a tambayi kowane mai abin hawa, na ruwa ko na tudu, ko ya san halin da abin hawansa yake ciki kafin ya ɗora masa bayin Allah. Wanda ba ya kwashe ruwan jirginsa ya kankare gansakuka, ba zai ga katakon da ya ruɓe ba.

Saura inda ake wankin. Mazauna bakin tabki suna da ruwa a yalwace, kuma abu mafi sauƙi shi ne direba ya tura motar har tayoyi su nutse, yara su hau ta da bokiti da garin sabulu. A wannan mashaya kuwa ake ɗibar ruwan sha, ake wanke kifi, ake shayar da dabbobi, masunta kuma suke alwala. Abu Dawuda ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal gargaɗi game da wurare uku da ƙazanta su take jawo tsinuwar mutane, su ne mashayar ruwa da tsakiyar hanya da inuwa. Gaskiya ne tabki mai girman Kainji ba ya najastuwa da wankin mota guda, domin ruwa mai yawa da bai sauya ba yana nan da tsarkinsa. Amma matar da ta zo da tulu ba tsakiyar tabki take zuwa ba. A bakin gaɓa take ɗiba, inda kumfa da giris da baƙin mai suka taru. In waɗannan suka gauraya da ruwan har suka sauya shi, bai halatta a yi alwala da shi ba, balle a ba yaro ya sha. A irin wannan gaɓa mai ciyayi ne kuma ƙananan kifaye suke girma, kuma mai da sabulu ba abincinsu ba ne. Direban da ya tsabtace motarsa ta wannan hanya ya kwashe ƙazantarsa ne ya zuba a randar maƙwabcinsa, kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Malik ya ruwaito asalinta, ta hau kansa.

Shi kansa mai wankin bai tsira ba. Tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini, sananniya ce a garuruwan bakin Kainji, kuma tsutsarta tana fitowa ne daga katantanwar ruwa ta shiga ta fatar wanda ya daɗe tsaye a ciki. Yawancin masu wannan tsayuwa yara ne, waɗanda ake ba ɗan abin da bai kai kuɗin magani ba, wani lokaci ma a ce su dawo gobe, alhali hakkin ɗan ƙwadago ba a jinkirta shi. Motar ma birkinta ba ya kamawa sosai in ya jiƙe, sai ya bushe. Abin da ya dace shi ne a ɗebo ruwa a jarka ko bokiti, a ja motar can tudu nesa da mashaya, inda ƙasa za ta shanye ruwan wankin. Baƙin mai kuwa a tara shi a galan a kai wa makaniki ko masu shafa wa katako saboda gara. Ƙungiyar direbobi a tasha da masu unguwanni na bakin ruwa suna da ikon keɓe wuri guda domin wannan, kamar yadda aka keɓe wa mahauta wurinsu.

Kada kuma yalwar ruwa ta sa a yi ɓarna. Alƙur'ani ya hana almubazzaranci a Suratul A'arafi, kuma an ruwaito hani ga ɓarnar ruwa a alwala ko da a bakin kogi mai gudu, ko da yake malamai sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya. Guga uku ko huɗu sun isa ƙaramar mota in an san aiki. A fara daga rufi a sauko, a jiƙa ƙura kafin a goge domin busasshen tsumma yana karce fenti, a kuma bar injin ya huce kafin ruwa ya kusance shi.

Akwai kuma masu wuce iyaka ta ɗaya gefen, mutumin da zai shafe safiyar Juma'a yana goge motarsa har liman ya hau mumbari, ko wanda zai wuce tsohuwa a kan hanyar Libata da kayanta a ka, ya ƙi tsayawa domin kada ƙafarta ta ɓata masa darduma. Hadisin Ibnu Mas'ud da yake cikin Muslim ya bayyana cewa son kyan tufafi da takalmi ba girman kai ba ne, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Darduma dai ana kakkaɓe ta a minti biyu.

Fasinja ma yana da nasa rabo cikin wannan hukunci. Ya biya kuɗin kujera ne, bai sayi motar ba. Tofar da tuƙar rake da ɓawon gyaɗa a ƙasan mota, ko tsartar da yawun goro ta taga har iska ta mayar wa na baya, duk cutarwa ce. Uwar da ɗanta ya yi fitsari a kujera, kunya kada ta hana ta faɗa wa direba kafin ta sauka. Shi kuma direba kada ya yi mata tsawa a gaban jama'a, gama tsawar ce take sa mata su yi shiru. Ya sa a zuba ruwa a wurin nan take, ko ya shimfiɗa leda a kai, ya kuma sanar da wanda zai zauna kafin ya zauna.